Kada Ku Turke Boa Kamar Ragon Layya

Ƙannena maza da mata, na lura da wata sabuwar sha'awa da ta shigo muku ta cikin waya a 'yan shekarun nan. Kuna kallon samari a Amurka da Ingila da Jamus suna rataya ƙaton maciji a wuya, ko suna buɗe akwatin gilashi su miƙa masa ɓera, shi kuwa ya kai cafka kafin ƙiftawar ido. Cikinku akwai waɗanda karatu ko aiki ya kai su waɗancan ƙasashe, har sun saya sun ajiye a ɗaki, akwai kuma waɗanda suke nan gida suna ta buri. Ɗaya daga cikin macizan da aka fi ajiyewa a can ita ce boa, kuma a kanta nake so mu yi magana, musamman a kan cikinta. Da yawa daga cikin waɗanda kuke gani a bidiyo kuna cewa masha Allah, wannan ta samu hannu, marasa lafiya ne. Ƙiba ce ta yi musu yawa, kuma masu su ne suka jawo musu da hannunsu, saboda so.

Mu da kiwon turka muka tashi. A sayi rago wata uku ko huɗu kafin babbar salla, a ɗaure shi a turke, a yi ta ɗura masa dusa da harawa har wuyansa ya yi kauri, yana tafiya da ƙyar. Duk baƙon da ya shigo sai ya yaba wa mai gida. A idonmu ƙibar dabba ita ce shaidar cewa mai ita ba marowaci ba ne. Wannan ido ya dace da rago, domin watanni kaɗan suka rage masa, kuma naman ake nema. Boa kuwa takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun wanda ya iya, har an samu wadda ta haura shekara 40 a gidan namun daji na Filadelfiya kafin ta mutu a 1977. Wanda ya sayi jaririya yana ɗan shekara 20, in ya riƙe ta da kyau, 'ya'yansa za su girma su same ta. In kuma ya turke ta, da wuya ta ga rabin wannan.

Boa 'yar nahiyar Amurka ce, daga Meziko har zuwa arewacin Ajantina. A ido ta yi kama da mesarmu, ba ta da dafi, matse abin da ta kama take yi, amma gidansu ba ɗaya ba ne: mesa ƙwai take sakawa, boa kuwa haihuwa take yi, sau da yawa 'ya'ya 20 zuwa 30 a ciki ɗaya, kowanne bai wuce rabin mita ba. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce ta Amurka ta Tsakiya da Kolombiya, wadda masana suke kira Boa imperator, tsawonta yakan tsaya tsakanin mita ɗaya da rabi da mita biyu da rabi. Akwai kuma mai jan wutsiya ta ƙasashen Suriname da Guyana da Peru da Burazil, ita ce ainihin Boa constrictor da masani Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758. Takan kai mita 3, kuma cikinta ya fi saurin ɓaci. Akwai ƙanana na tsibirai, irin na Cayos Cochinos a gaɓar Honduras, waɗanda ko sun tsufa ba sa yin wani girma. Dole ka san wace ce a hannunka, domin wanda ya ɗauki 'yar tsibiri ya yi ta ɗura mata abinci wai sai ta kamo ta Suriname, kitse kawai zai tara mata.

Jikin boa ba ya ƙona abinci don ya samar wa kansa ɗumi yadda namu yake yi. Daga rana da ƙasa da duwatsu take aron zafi. Saboda haka abin da take bukata don ta rayu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 10 na abin da kare ko kyanwa mai nauyinta yake bukata ba. A daji ba ta bin farauta da gudu. Takan sami bakin rami ko reshe ta kwanta, kwana da kwanaki, tana jiran ɓera ko tsuntsu ko ƙadangare ko jemage ya gitta. Wani lokaci ta dace, wani lokaci a yi makonni ba ta sa komai a baki ba. A shekarun 1990 wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Stephen Secor da Jared Diamond, sun bi diddigin abin da yake faruwa a cikin mesar ƙasar Bama bayan ta ci. Sun ga cewa tsakanin ci da ci hanjinta yakan motse, tumbinta ya daina fitar da ruwan narkarwa, kayan cikin duk su huta. Da zarar ta haɗiye abu, cikin kwana ɗaya ko biyu hanji ya kumbura ya yi kauri, tumbi ya cika da ruwa mai tsami da yake narkar da ƙashi, aikin jiki ya ninka sau da yawa, har sau 40 idan abincin ya yi girma ƙwarai. Daga baya suka duba boa, suka tarar ita ma haka take. Kowane ci babban aiki ne a jikinta, kuma an halicce ta ne da hutu mai tsawo a bayansa. Wanda yake ba babbar boa ɓera duk mako ya hana kayan cikinta wannan hutu, shekara da shekaru.

Abin da yake yaudarar mutane shi ne ita ba ta cewa a'a. Dabbar da ba ta san ranar da za ta sake samu ba, duk abin da ya gitta kamawa take yi. Ka ba ta yau, bayan kwana huɗu ka buɗe akwati, za ka same ta ta ɗago kai, tana zaro harshe, tana bin hannunka da ido. Sai tausayi ya kama ka, ka ce yunwa take ji. Ko kusa. Halinta ne, kuma haka za ta yi ko da kitse ya cika mata ciki har wuya. Cikin boa ba ya yi mata burki, sai mai ita ya yi mata.

To nawa ne, kuma yaushe? Masu kiwo sun ɗan sha bamban a kan kwanaki, amma waɗanda macizansu suka daɗe a duniya ba su yi nisa da juna ba. Jaririya a shekararta ta farko takan ci sau ɗaya a kwana 7 zuwa 10, wasu ma sukan kai 14. Daga shekara ɗaya zuwa uku a ja tazarar zuwa mako biyu ko uku. Idan ta manyanta, sau ɗaya a mako huɗu zuwa shida ya ishe ta, kuma namiji, da yake ya fi mace ƙanƙanta, ya fi ta bukatar a rage masa. Girman abincin kada ya wuce kaurin jikinta a inda ta fi kauri. Idan ta haɗiye, a ga ɗan tudu kaɗan da zai baje cikin kwana biyu ko uku. In kuwa tudun ya yi kamar zai fasa fata, an wuce gona da iri. Da sikeli kuma abin ya fi sauƙi: ƙarama ta sami abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinta ba, wato mai gram 500 a ba ta ɓera mai gram 40 ko 50. Babba kuwa kason yana raguwa, mai kilo 6 ɓera ɗaya mai gram 300 a wata ya wadace ta. Ɗaya, ba biyu ba.

Amma jadawali jagora ne kawai. Jikinta ne zai faɗa maka gaskiya, kuma koyon duba shi ya fi duk lambobin nan muhimmanci. Ka zaɓi ranar da cikinta ba komai, wato ta daɗe da ci kuma ta yi kashi. Ka sa ta a ƙasa mai shimfiɗe, ka bar ta ta miƙe tana tafiya da kanta, ka tsuguna ka dube ta daga gaba, daidai tsakiyar jiki. Boa mai lafiya ba zagayayya ba ce. Jikinta yana da gefe huɗu masu laushin kusurwa: bayanta a ɗan shimfiɗe, gefunan sun sauko kusan a tsaye, cikin ya kwanta a ƙasa. Ka ɗora tafin hannu, za ka ji tsoka mai tauri tana motsi a ƙarƙashin fata, layi biyu, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya. Wuyanta ya fi kai siranta, ana ganin inda kai ya ƙare. Daga tsakiya kuma jikin yana raguwa sannu a hankali har ƙarshen wutsiya, ba tare da wani tsalle ba.

Mai ƙiba kuwa ta zagaye ta ko'ina, kusurwoyin sun ɓace. Ka taɓa, ka ji laushi, yatsa yana ɗan nutsewa. Ɓawon fatarta, da ya kamata ya hau kan juna ya rufe, ya ware, kana ganin fata a tsakani alhali ba ta ci komai ba. Idan ta lanƙwasa, fata takan tattare a cikin lanƙwasar, kuma ko bayan ta miƙe alamar ninkin tana nan. Ka bi ta zuwa baya, daf da mafitar kashi: a nan kitse yake taruwa ya yi kumburi a gefe biyu, jikin ya ƙare da kauri, sai kawai wutsiya siririya ta fito kamar an dasa ta. Wani lokaci ƙashin baya yakan nutse ya zama kwari tsakanin tudu biyu. Kan kuma ya yi ƙanƙanta a kan jikin, domin ƙashin kai ba ya girma da saurin da ake cusa wa jiki. Ramammiya kuma ba ta ɓuya: jikinta kusurwa uku, ƙashin baya ya fito tsini a sama, gefuna sun zube, fata ta yi sako-sako. A ƙasashen da ake kiwon boa, likitocin dabbobi sun fi cin karo da mai ƙiba nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa nake ɗaga murya a kan wannan shi ne maciji ba ya fara tara kitse a ƙarƙashin fata. A cikin ciki yake ajiyewa, curi-curi, jere a sashen baya na jiki. Sai wurin ya cika sannan ya fara bayyana a waje. Ke nan ranar da idonka ya ga ninkin fata, an daɗe da yin ɓarna a ciki. Kitsen yana matse kayan ciki, yana shiga hanta har ta kumbura ta koɗe ta kasa aikinta, yana wahalar da zuciya. Mace mai ƙiba takan kasa ɗaukar ciki, ko ta zubo ƙwayaye marasa rai maimakon 'ya'ya, ko haihuwa ta tsaya mata. Maciji kuma ba ya kuka, ba ya ɗingishi, ba ya nishi. Yana nan kwance kamar kullum har safiyar da za a buɗe akwati a same shi ya sandare, mai shi ya ce ai lafiyarsa ƙalau jiya.

Akwai wata mummunar al'ada a tsakanin wasu masu kiwo don kasuwa. Boa ba ta isa haihuwa sai ta kai shekara uku zuwa huɗu, wasu ma fiye. Su kuwa ba za su iya jira ba, sai su riƙa ba jaririya abinci duk bayan kwana huɗu ko biyar, wani ma tana gama haɗiye ɗaya ya sa mata na biyu a baki, don ta yi girman haihuwa kafin ta cika shekara biyu. Girman takan yi, amma irin waɗannan ne ake gani da ƙaramin kai da ƙaton jiki, kuma su ne suke mutuwa da ƙuruciya. Idan mai sayarwa ya nuna maka 'yar shekara ɗaya da ta kusa mita biyu yana alfahari, ka mayar da kuɗinka aljihu. A ganina wannan zalunci ne tsagwaronsa, ko da mai yin sa yana shafa ta yana kiranta da suna mai daɗi.

Abincin da aka fi dogara da shi ɓera ne na kiwo, wanda aka kashe aka daskarar, ana sayar da shi bisa nauyi. Gaba ɗayansa take haɗiyewa, da gashi da ƙashi da kayan ciki, kuma a nan take samun duk abin da jikinta yake nema. Tsokar kaza ko yankan nama ba sa maye gurbinsa. Sai dai ɓera ma suna suka tara. Manya-manyan nan da suka gama haihuwa aka sayar, kitse ne ya cika su, haka ɓeran Masar. Ya fi kyau a tsaya a kan matsakaici, a riƙa sauyawa lokaci-lokaci da ɗan tsako ko salwa ko ɗan ƙaramin zomo, tunda a daji ma ba abu ɗaya take ci ba.

Ga yadda ake yi. Ka ciro ɓeran daga firiza tun daren jiya, ka sa shi a leda mai rufi, ya kwana a firji yana narkewa. Da yamma, lokacin da boa take fara motsi, ka tsoma ledar a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, har jikin ɓeran ya yi ɗumi irin na mai rai. Ka matsa cikinsa da yatsa. In ka ji wani ƙulli mai sanyi a tsakiya, bai yi ba, ka mayar. Kada ka sa shi a na'urar ɗumama abinci, takan dafa wani sashe ta bar wani da ƙanƙara. Sannan ka kama shi da dogon awartaki, ba da hannu ba, ka kawo shi gabanta ka ɗan girgiza. Za ka ga harshen ya ƙara sauri, wuyan ya ja baya ya lanƙwashe, sai cafka, ta naɗe shi da zagaye biyu ko uku. Ka saki, ka rufe akwati, ka koma gefe. Bayan 'yan mintoci za ta sassauta, ta bi shi da hanci har ta gano kai, ta fara daga nan. Muƙamuƙinta ba ya gocewa kamar yadda ake faɗa. Ɓangarori biyu na ƙasa ba a haɗe suke da ƙashi ba, jijiya ce mai miƙewa a tsakaninsu, sai ta riƙa tura dama, ta tura hagu, har wutsiyar ɓeran ta shige. Daga nan a ƙyale ta aƙalla kwana biyu, ba ɗauka, ba nuna wa baƙi.

Wasu za su ce ai mai rai ya fi, shi ne na asali. A daji ɓera yana da hanyar gudu, ita ma tana da hanyar kaucewa. A cikin akwati babu ko ɗaya. Ɓeran da ya ga mutuwa yakan yi cizo, kuma idan boa ba ta da niyyar ci a ranar, aka bar su tare, shi ne zai koma yana gaigayar bayanta har ƙashi, ita kuwa ba ta ramawa. Likitoci sun ga irin wannan rauni ba iyaka. Ga kuma azabar da ake ba ɓeran ba gaira ba dalili. A Ingila, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta haramta jawo wa dabba wahalar da ba dole ba, shi ya sa kusan kowa a can daskararre yake bayarwa. Af, tunda mun zo nan: an daɗe ana cewa boa shaƙe numfashi take yi. Binciken Scott Boback na Kwalejin Dickinson a Amurka, wanda aka buga a 2015, ya nuna jini take tsayarwa, matsin yana hana shi zagayawa cikin daƙiƙoƙi. Wannan ƙarfi ne da ya kamata ku girmama. Idan ta haura mita biyu, kada ka ciyar da ita ko ka ɗauke ta kai kaɗai a ɗaki, kada ka bar ta ta zagaye wuya, kuma ka wanke hannu bayan taɓa ɓera, don da wari take gane abinci. Wanke hannun yana da wani dalili ma: maciji da ɓeran abincinsa duk suna ɗauke da ƙwayar salmonela, kuma an sha samun ɓarkewarta a Amurka da Ingila ta hanyar daskararrun ɓeraye. A ware musu mazubi daban da abincin gida, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma a nisanta su.

Ci ba ya amfani sai da ɗumi. Gefe ɗaya na akwatin ya kasance digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen 24 zuwa 27, danshin iska kashi 60 zuwa 70 cikin 100, da ruwa mai tsabta kullum. In wurin ya yi sanyi, abincin yakan fara ruɓewa a ciki kafin ya narke, sai ta amayar da shi. Amai a wurin boa babban abu ne, yana ƙona maƙogwaro, yana raunana ciki. Kuskuren da sabon mai kiwo yake yi shi ne ya yi maza ya sake ba ta washegari don ta mayar da abin da ta rasa. A bar ta mako biyu cur, a gyara zafin akwati, sannan a gwada da abin da bai kai rabin na da ba. Idan ta sake, sai likita, domin yawan amai da rama da murɗa kai sama suna cikin alamun wata cuta da take addabar boa, wadda masana a San Faransisko suka gano ƙwayarta a 2012, kuma har yau ba ta da magani. Ƙin ci kuwa ba kullum ne abin tsoro ba. Idan idonta ya yi fari-fari za ta yi saɓa, takan ƙi. Namiji a lokacin barbara yakan yi watanni bai ci ba. Muddin sikeli bai nuna faɗuwa sosai ba, ka yi haƙuri.

Wanda kuma ya karanta wannan ya duba tasa ya ga ninki da kumburin nan, kada ya firgita ya yanke mata abinci gaba ɗaya. A fara da likitan dabbobi wanda ya san macizai, ya tabbatar ƙiba ce, domin ciki da ƙari da kashin da ya taru duk sukan kumbura jiki. Ko macen da take zaune ita kaɗai ba a cire ta ba: a 2010 Warren Booth da abokan aikinsa a Amurka sun tabbatar da wata boa da ta haihu ba tare da gadon namiji a jikin 'ya'yan ba. In ƙiba ce, sai a rage girman ɓeran da mataki ɗaya, a ƙara mako ɗaya ko biyu a kan tazarar, a karkata ga tsuntsu da zomo marasa kitse. Sannan a motsa ta. Yawancin masu ƙiban nan a ƙuntataccen akwati suke, inda ba su taɓa miƙewa gaba ɗaya ba. Tsawon akwati ya kai tsawonta aƙalla, a sa rassa masu ƙarfi da kanta a sama, don boa tana hawa, ƙanana ma rabin rayuwarsu a bishiya take. A fito da ita ta yi yawo a ɗaki ana kallonta. Kitsen da aka tara a shekara uku ba zai tafi a wata uku ba, ana iya shafe shekara ko fiye, sannu ba ta hana zuwa. A kuma gaya wa mutanen gida, kada wani ya ji tausayi ya ba ta a ɓoye.

Duk wannan ba ya yiwuwa da ƙwaƙwalwa kawai. Ka sami ɗan littafi da sikelin kicin, in ta girma ka koma na rataye ka auna ta cikin jakar yadi. Sau ɗaya a wata, kafin ci, ka rubuta nauyinta. Ka rubuta ranar ci, da abin da ta ci da nauyinsa, da ranar kashi, da ranar saɓa. Ƙarama nauyinta ya riƙa hawa a hankali. Babbar da ta daina tsawo kuwa, in nauyinta yana hawa wata bayan wata, ka san me yake ƙaruwa. Ido yana sabawa da abin da yake gani kullum, ba ya lura da ƙiba mai shigowa gram-gram, littafin ne yake tona ta.

Ku da kuke gida Najeriya ko Nijar ko Gana, akwai ƙarin magana. Tunanin farko da zai zo muku shi ne ai ɓera ba ya tsada, ga shi nan a rumbu da kwata. Kul. Ɓeran gida mai yiwuwa ya ci guba, kuma gubar za ta bi shi cikin macijin. Ga tsutsar ciki. Mafi muni, ɓeran da yake yawo a gidaje da gonakinmu shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma yana kashe mutane duk rani. Mai kama shi da hannu ransa ya sa a caca, da na iyalinsa. Ke nan sai ka yi kiwon fararen ɓeraye masu tsabta da kanka, wanda shi ma wani aiki ne mai zaman kansa, ko ka sami firizar da ba ta narkewa in an ɗauke wuta, don ɓeran da ya narke ya sake daskarewa sai juji. Sai yanayi. A watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura digiri 40, zafin da yake iya kashe boa a rufaffen ɗaki, a hunturu kuma iskar Kano takan bushe ƙasa da kashi 20 cikin 100, dare ya yi sanyin da abinci ba zai narke ba. Cinikin boa tsakanin ƙasashe kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasashenmu suka sa wa hannu, saboda haka sai da takardu, ta Ajantina ma an fi tsaurara mata. Malamai kuma suna da magana a kan ajiye maciji da cinikinsa, ku nemi naku ku ji kafin ku kashe ko kwabo. Wanda bai shirya wa waɗannan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Duk mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mai boa nauyinsa ya ma fi haka, domin shi ƙofar sakin a rufe take. A tsibirin Aruba da ke tekun Karebiya an fara ganin boa a 1999, cikin 'yan shekaru ta bazu ko'ina tana cin tsuntsaye da ƙadangarun da ba su san ta ba, an yi ta kamawa ana kashewa, har yau ba a kawar da ita ba. Idan rayuwa ta juya, aure ko ƙaura ko rashin hali ya sa dole ku rabu, ka nemi wani mai kiwo da ka yarda da shi ko gidan namun daji da zai karɓa. Ka miƙa ta tare da littafin nan, don sabon mai ita ya san nauyinta, da ranar da ta ci na ƙarshe, da ranar da ya kamata ta sake ci.